Minti 40 na tarihin Arsenal, amma masu kallo na tserewa a minti na biyu

Tambaya: Na shafe wata biyu ina haɗa bidiyon tarihin Arsenal, tun daga kafuwarta a 1886 har zuwa yau. Tsawonsa minti 40. Na ɗora a YouTube, na tura wa 'yan'uwa da abokai, amma kallon bai taka kara ya karya ba, waɗanda suka buɗe ma yawancinsu ba su wuce minti biyu ba. Ga kuma sanarwar haƙƙin mallaka da ta shigo mini a kan wasu guntayen wasanni da na saka. A ina na kuskure, wajen tacewa ko wajen tallatawa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana yanka yana liƙawa har idonsa ya yi ja ya san abin da wata biyu ke nufi, don haka ba zan raina aikinka ba. Amma zan gaya maka gaskiya: matsalar ta riga tacewa, ta kuma riga talla. Ta faro ne ranar da ka yanke shawarar ɗaukar shekara sama da 130 ka dura su cikin bidiyo guda, ka jera su yadda suka zo a kalanda.

Ban ga bidiyon ba, amma ina iya faɗa maka yadda ya fara. An kafa ƙungiyar a 1886, ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ta, sunanta na farko Dial Square, daga baya ta koma Royal Arsenal, sannan Woolwich Arsenal. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda ya danna bidiyonka yana riƙe da waya, yatsansa na kan allo, ƙasan bidiyonka kuma ga wasu guda goma suna kiransa. Ka ba shi sunaye uku da shekaru uku, ba ka ba shi dalili ko ɗaya na jiran jimla ta gaba ba. Jerin shekaru ba ya riƙe mutum. Abin da ke riƙe shi shi ne tambayar da ya ƙagu ya ji amsarta.

Bari mu ɗauki ƙungiyar taka mu gwada. Ranar 21 ga Satumba 2003, a Old Trafford, gidan Manchester United, wasa na shida a gasar Firimiya ta kakar. An kori Patrick Vieira, Arsenal ta rage mutum goma, babu wanda ya ci wani, lokaci ya cika ana cikin ƙarin mintuna, sai alƙalin wasa ya busa fenariti wa Manchester United. Ruud van Nistelrooy ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya buga, ta daki sandar sama ta dawo. Da ta sauka ƙasa da ɗan taƙi kaɗan, da babu wani abu mai suna kakar da ba a doke Arsenal ba. A nan ya kamata bidiyo ya buɗe. Ka tsayar da hoton daidai lokacin da yake shirin bugawa, ka ce da mai kallo duk abin da ya sani game da wannan tawaga yana rataye a kan wannan bugun, sannan ka mayar da shi baya ka nuna masa yadda aka iso nan: zuwan Arsène Wenger a 1996 daga Japan, lokacin da 'yan Ingila da yawa ba su ma san sunansa ba; maganar da ya yi a 2002 cewa ana iya gama kaka ba a sha kashi ba, aka yi ta yi masa dariya; nasara 26 da canjaras 12; ƙwallaye 30 na Thierry Henry; ɗaukar kofin a gidan Tottenham; wasan ƙarshe da Leicester ta fara jefa musu ƙwallo kafin su farke su ci 2-1.

Ga kuma kyautar da tarihi ya ba ka ba tare da ka ƙirƙiri komai ba. Wasa 49 suka jera ba a doke su a gasar ba. Ina aka tsayar da su? A Old Trafford, ranar 24 ga Oktoba 2004. Wa ya fara cin su? Van Nistelrooy. Da me? Da fenariti. Fili ɗaya, mutum ɗaya, bugu iri ɗaya, wata goma sha uku tsakani. Ka buɗe da wadda ya ɓarar, ka rufe da wadda ya ci. Wannan bidiyo ne na minti 12 zuwa 15 wanda ko magoyin bayan wata ƙungiya zai kalla har ƙarshe.

Kada ka ji kamar ina cewa ka zubar da aikinka. Abin da ke hannunka ba bidiyo ɗaya ba ne, biyar ne ko shida aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai ƙaurar 1913 daga kudancin Landan zuwa Highbury a arewa, kusa da Tottenham, da abin da ya biyo baya a 1919, lokacin da aka faɗaɗa rukunin farko daga ƙungiya 20 zuwa 22, aka kaɗa ƙuri'a aka shigar da Arsenal wadda ta ƙare ta biyar a rukuni na biyu, aka bar Tottenham a ƙasa. Wannan kaɗai ya amsa tambayar da matasan magoya baya da yawa ba su san amsarta ba, wato asalin gabar da ke tsakanin maƙwabtan biyu. Akwai Herbert Chapman da ya zo a 1925 ya mayar da ƙungiyar gagara-badau, har aka sauya wa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road suna zuwa Arsenal a 1932, ya kuma rasu a Janairun 1934 ana tsakar cin kofuna uku a jere. Akwai daren 26 ga Mayu 1989 a Anfield, gidan Liverpool, inda Arsenal ta ɗauki kofin gasa da ƙwallon mintin ƙarshe. Akwai ƙwallaye uku da Nwankwo Kanu ya zura wa Chelsea cikin mintuna goma sha biyar na ƙarshe a 1999, bayan an ci su biyu da nema. Kowanne na da farkonsa da ƙarshensa. Ka warware igiyar, ka sami jerin da zai ɗauke ka watanni.

Yanzu tacewar kanta. Ni ba na buɗe manhajar tacewa sai rubutun labarin ya kammala, na karanta shi da ƙarfi sau biyu ko uku. Duk jimlar da harshena ya yi tuntuɓe a kanta, kunnen mai kallo ma zai yi. Ka rubuta yadda kake magana idan hirar ƙwallo ta yi daɗi tsakaninka da abokai, ba yadda ake karanta sanarwa ba. Daga nan ka naɗi murya, ka jera ta ita kaɗai a kan layin tacewa, ka rufe ido ka saurara daga farko har ƙarshe ba hoto ko ɗaya. Idan labarin ya riƙe ka a haka, hotuna za su ƙara masa armashi. Idan bai riƙe ka ba, babu walƙiya ko juyin hoton da zai cece shi, sai ka koma kan rubutu.

Sauti ne abin da masu farawa suka fi sakaci da shi, alhali mutum na jure hoto mai dishi-dishi, musamman a bidiyon tarihi inda ya san tsofaffin hotuna haka suke, amma ba ya jure murya mai amsa-kuwwa ko kiɗan da ya danne magana. Ka naɗa a ɗaki mai labule da katifa da kaya, ba ɗakin da babu komai sai bango ba. Makirufo ya kasance kamar taƙi guda daga bakinka, a ɗan karkace don kada iskar baki ta riƙa bugunsa. Audacity kyauta ce kuma ta isa ta rage maka surutun bayan fage. Kiɗa ya zauna can ƙasa da murya, kuma ka gwada sauraro ta lasifikar waya, domin a nan galibin mutane za su ji shi. Sannan ka koyi amfani da shiru. Kafin bugun Van Nistelrooy, ka ɗauke kiɗan gaba ɗaya na daƙiƙa biyu. Wannan shirun ya fi duk wani kiɗan tashin hankali da za ka samo.

Ba sunan manhaja ke yin aiki ba. DaVinci Resolve na da nau'in kyauta mai ƙarfi sosai idan kwamfutarka za ta iya ɗauka, CapCut kuma ya isa ga mai aiki da waya. Ka riƙe wadda hannunka ya saba da ita.

Abin da ya fi wuya shi ne yanke abin da kake so. Za ka tarar da wani labari mai daɗi da ka sha wahala kafin ka tono shi, misali cewa wasan gasar da aka fara yi wa sharhi kai tsaye a rediyo a Ingila shi ne na Arsenal da Sheffield United a Highbury a Janairun 1927. Abin burgewa ne ƙwarai. Amma idan bidiyon na kakar 2003-04 ne, ba shi da gurbi a ciki, sai ka ajiye shi don na Chapman. Ma'aunina ɗaya ne: in na cire wannan guntun, akwai abin da mai kallo zai kasa fahimta nan gaba? In babu, ya fita. Haka ma doguwar gaisuwa, da tambarin tasha mai juyawa na daƙiƙa goma, da roƙon a danna a bi ka tun kafin ka ba mutum komai. Ka duba YouTube Studio, akwai zanen da ke nuna inda masu kallo ke sauka daƙiƙa bayan daƙiƙa, har da adadin waɗanda suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. Ka buɗe na wannan bidiyon, ka je daidai wurin da layin ya gangara, ka ga abin da kake faɗa a lokacin. Ba wanda zai koya maka tacewa kamar wannan layin.

Sai maganar haƙƙin mallaka, kuma ina so ka natsu a nan domin ita ce ke kashe tashoshin ƙwallo. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko da'awa ce ta tsarin Content ID, wanda ke kwatanta duk abin da aka ɗora da abin da masu haƙƙi suka ajiye. Idan ya kama, mai haƙƙin na iya toshe bidiyon a wasu ƙasashe ko a ko'ina, ko ya bar shi ya karɓi kuɗin tallan. Wannan ba ya ɓata wa tasharka suna. Na biyu gargaɗi ne, wanda ke zuwa idan mai haƙƙi ya nemi a sauke bidiyon a hukumance. Gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya sa a rufe tashar da duk abin da ke cikinta. Ka duba wanne ne ya same ka. In da'awa ce, cikin YouTube Studio akwai damar yanke guntun da ake magana a kai ko sauya kiɗan ba tare da ka sauke bidiyon ba.

Za ka ji ana cewa in guntun bai kai daƙiƙa goma ba babu laifi, ko ka rubuta a ƙasa cewa ba kai ke da haƙƙin ba, ko ka juya hoton ka rage shi ka sa masa firam. Babu ko ɗaya a ciki da ke doka. Akwai tanadin amfani na adalci a dokar Amurka da makamancinsa a Birtaniya don sharhi da suka, amma hujja ce da ake auna ta shari'a bayan shari'a, ba lasisi ba ne. Na taɓa yin makonni uku a kan wani bidiyo na wasan ƙarshe, na gina shi kacokan a kan guntayen wasan, ranar da na sake shi aka toshe shi cikin sa'a guda, kuma mai haƙƙin na da gaskiyarsa. Na sake gina shi ba guntun wasa ko ɗaya, kuma har yau ina ganin na biyun ya fi na farkon.

Dalili kuwa shi ne rashin guntayen ya tilasta mini in yi bayani maimakon in nuna kawai. Ɗauki ƙwallon Michael Thomas a 1989. Arsenal na buƙatar nasara da tazarar ƙwallo biyu a gidan Liverpool kafin ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1971. Alan Smith ya ci ta farko da ka. Lokaci ya cika. Zana fili daga sama, ɗigo ja da ɗigo rawaya. John Lukic ya jefa wa Lee Dixon da hannu, Dixon ya ɗaga doguwa zuwa Smith, Smith ya tura wa Thomas, ta bugi Steve Nicol ta dawo gabansa, saura shi da Bruce Grobbelaar. A gefen allo ga teburin gasa, kana nuna yadda ƙwallo ɗaya za ta daidaita maki da bambancin ƙwallaye, har a koma ga wanda ya fi zura ƙwallo. Wanda ya kalli guntun sau ɗari bai taɓa ganinsa haka ba. Taswirar Landan da layi yana tsallaka kogin Thames daga Woolwich zuwa Highbury, da zanen rigunan kowane zamani, da fuskarka kana magana, duk naka ne ba mai karɓe su. Hotunan tsaye ma suna da masu su, kada ka ɗauka duk abin da bincike ya fito maka da shi halal ne. Wikimedia Commons na da da yawa da aka yarda a yi amfani da su, amma ka karanta sharaɗin kowanne ka ambaci mai shi. Kiɗa kuma ka ɗauka daga ma'ajiyar sauti ta YouTube. Kuma kullum ka fara ɗora bidiyo a ɓoye, ka bari binciken haƙƙin mallaka ya gama kafin ka buɗe wa jama'a.

Wani abu game da wannan daren na 1989: an ɗage wasan ne saboda masifar filin wasa na Hillsborough da ta auku ranar 15 ga Afrilu, inda turmutsutsu ya halaka magoya bayan Liverpool da dama, kuma 'yan wasan Arsenal sun fito da furanni suka miƙa wa magoya bayan Liverpool kafin a take. Bidiyo mai nishaɗi ba ya nufin barkwanci a ko'ina. Idan ka iso irin wannan wuri, ka sassauta murya, ka cire kiɗa, ka wuce da mutunci. Haka kuma ka kiyaye gaskiya, domin magoya bayan ƙwallo ba sa yafe kuskure. Kofin 1989 ba Firimiya ba ne, Firimiya ta fara a 1992. Zargin cewa shugaban ƙungiyar na lokacin, Henry Norris, ya yi amfani da hanyar da ba ta dace ba a ƙuri'ar 1919 ya daɗe yana yawo, amma ba a taɓa tabbatar da shi ba, don haka ka faɗe shi a matsayin zargi. Kowace shekara da kowane sakamako ka tabbatar da shi daga wuri biyu.

Talla kuwa rabinta ta ƙare tun a abin da na faɗa a sama, domin YouTube na ƙara nuna bidiyon da mutane ke dannawa su kuma zauna a kansa. Take da hoton bango alkawari ne, daƙiƙa 30 na farko kuma cika alkawarin. Shi ya sa nake tsara su kafin in fara rubutu. "Tarihin Arsenal Kashi na 1" bai yi wa kowa alkawarin komai ba. "Fenaritin da ya kusa hana Arsenal kafa tarihi" ya yi. Hoton bango ya zama abu ɗaya da ido zai kama, da kalmomi uku ko huɗu waɗanda ba maimaicin taken ba ne. Ka ƙanƙanta shi ya koma girman babban yatsa ka duba, in ba ya karantuwa a haka, ka sake. Kada ka yi alkawarin abin da babu a ciki, domin wanda ya danna ya ga an yaudare shi zai fita nan take, fitarsa kuma ta fi rashin zuwansa illa.

Wannan ya kawo ni kan 'yan'uwa da abokan da ka tura wa. Sun buɗe ne don kara, suka kalli minti ɗaya, suka danna alamar so, suka fita. Niyyarsu mai kyau ce, amma a ganina suna daga cikin waɗanda suka ja layin nan ƙasa. Mutum ashirin da ke kwana da Arsenal suna tashi da ita sun fi maka ɗari biyu da ƙwallo ba ta dame su ba. Ka neme su inda suke, a zaurukan magoya baya na Facebook da WhatsApp da X, amma kada ka faɗa musu da adireshin bidiyo ka gudu. Ka zauna cikinsu, a san ka da hira, ka jefa tambayar da za ta tayar da muhawara, kamar tsakanin tawagar 1989 da ta 2004 wacce ta fi jarumta, sannan bidiyon ya zo a matsayin gudummawarka ga hirar. Sayen kallo ko sayen mabiya kada ma ka kusance shi, ya saɓa wa ƙa'idar dandalin, kuma lambobin da ba mutane a bayansu ba sa kallon bidiyo na gaba.

Daga kowane dogon bidiyo ka fitar da gajeru biyu ko uku a tsaye don Shorts da TikTok da Reels. Kowanne ya zama cikakken ƙaramin labari da rubutu a kan allo, domin da yawa na kallo ba sauti. Labarin ƙuri'ar 1919 cikin daƙiƙa 50 ya tsaya da ƙafarsa, wanda ya ji daɗinsa kuma zai nemi dogon. Ka kuma bi kalandar ƙwallo: na 1919 ya fita a makon da za a kara da Tottenham, na Anfield ya fita gab da 26 ga Mayu, na fenariti biyun ya fita kafin wasa da Manchester United. A ranar sakin ka zauna kan sharhi na 'yan sa'o'i kana amsawa, wanda ya gyara maka kuskure na gaskiya ka gode masa a fili ka liƙa gyaran a sama. Ka sa babi-babi a bayanin ƙasa, na farko ya fara daga 0:00, aƙalla guda uku, ka haɗa jerin a kundi ɗaya, ƙarshen kowanne ya miƙa mai kallo ga na gaba.

Game da wanda ke kan tashar yanzu, in da'awa ce kawai a kansa, ka yanke guntayen da ake magana a kai ka bar shi. Bidiyon tarihi ba ya tsufa kamar sharhin wasan jiya, kuma idan gajerun suka fara jawo mutane, wasu za su nemi cikakken. Ka sauya masa take da hoton bango, ka sa masa babi. Shi kuwa sabon aiki, ka fara da na fenariti biyun, tunda kayansa na hannunka kuma zamanin na cikin tunanin mutane da yawa. Ka rubuta daƙiƙa 30 na farko ta hanyoyi uku daban, ka karanta wa mutum ɗaya da ba ya goyon bayan Arsenal, ka riƙe wadda ta sa ya tambaye ka abin da ya faru daga nan.